Abin da Na Bari a Wutsiyar Jirgin Dokta

Muna sama da gonakin Kent a kudancin Ingila, kwamfuta a kan cinyata, sai Dokta Mansur ya ɗan taka fedar dama don ya daidaita hancin jirgin. Lambar da ke nuna mana inda muka fuskanta ta zabura a allo, ta ce mun juya gabas, alhali titin motar da muke bi ta samansa yana nan sambal a gabanmu. Ya ɗage ƙafa, lambar ta koma inda take. Ya sake takawa, ta sake zabura. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ƙarƙashin haɓata ba, daidai inda nake maƙale mayafi. 

Zan dawo kan wannan. Anti Hadiza, shugabar makarantarmu ta Asabar a Catford, nan Landan, ita ta ce in yi wa 'yan matan da ke gama sakandare bayanin sana'ata, don ta ji wasunku suna cewa Ma'u ta more, aikinta jona kwamfuta da jirgi, ta danna maɓalli, ta zauna shan shayi. Da baki ta so in yi. Na ce mata ba zan iya ba tukuna, muryata tana rawa in na zo wani wuri. Rubutu kuwa ko hannu ya yi rawa sai a goge a sake.

Akwai mutane a ƙasar nan da suke haɗa jirgin sama da hannunsu, a garejin gidansu. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu. Ana kawo musu shi gunduwa-gunduwa a akwatunan katako, su yi shekara da shekaru suna huda falle-fallen ƙarfe suna bugawa. In gangar jiki ta tsaya, an ɗora inji, sai a zo wajen da yawancinsu suke sarewa, wato kayan lantarki. Allon da ke gaban direba, rediyo, akwatin da ke sanar da masu kula da sararin sama inda kake, da kamfas na lantarki mai nuna arewa. Kowanne kamfaninsa daban, kuma dole su riƙa magana da juna. Aikinmu shi ne mu sa su fahimci juna, in sun yi gaba mu gano wanda ya fara.

Ni ban yi jami'a ba. Sakamakona bai kai ba, sai na shiga wani shagon gyaran wayar hannu a Catford. Ranar nan wani dattijo ya kawo tablet da bakin cajinta ya karye. Ina cikin gyara Umma ta kira ni, na amsa da Hausa. Ina ajiye waya ya ce, "Sannu da aiki, 'yar Kano." Shi ne Baba Istifanus, mutumin Kagoro, ya yi aikin kayan lantarkin jirage a Kaduna tun kafin a haife ni. Bai tafi ba, ya tsaya yana kallon hannuna har na gama. Bayan kwana biyu sai ga shi a flat ɗinmu tare da matarsa, sun zo neman izinin Umma in koyi aiki a wurinsa.

Umma ta ce, "Jirgin da mutum ya haɗa a gareji? Ni ko keken da aka haɗa a gareji ba zan hau ba."

Baba ya ce, "Hajiya, shi ya sa ake neman masu hannu irin nata."

Aikin farko da ya ba ni shi ne matse ƙananan bakunan ƙarfe a kan wayoyin wuta. Ba a cika amfani da dalma a jirgi ba, don girgizar inji tana karya ta. Filaya ce ta musamman, ki sa bakin, ki sa waya, ki matse har ta yi ƙas. Na yi wata da watanni ban taɓa jirgi ba, ina zaune a benci a rumfarmu da ke wani ƙaramin filin jirgi mai ciyawa. In na gama ɗauri guda sai Baba ya zo ya kama kowace waya ya fizga. Wadda ta fita, ba ya faɗa. Almakashi yake ɗauka ya datse ɗaurin gaba ɗaya, ya ce, "A sama babu gefen titi da za a faka."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai mita ta awon wuta, tocilar goshi, ɗan madubi mai doguwar sanda don leƙa bayan allo, da sukudireba ta tagulla wadda ba a taɓa ta sai za a yi aiki kusa da kamfas. Sai kuma Tsohuwa. Tsohuwa kwamfuta ce mai nauyin turmi, murfinta ɗaure da salatif. Ba ta taɓa ganin intanet ba tun da na san ta, Baba ya ce duk wanda ya yi mata update ya nemi wani aikin. Ita kaɗai ke da irin tsohon bakin da na'urorin jirgi suke so. Sababbin kwamfutoci sai an sa musu mahaɗi a tsakani, mahaɗan nan kuwa rabinsu maƙaryata ne. Zai nuna miki ya jonu, fitilarsa tana ƙyaftawa, alhali ko harafi ɗaya bai wuce ba.

In aka ce kwamfuta ba ta ganin na'ura, ba a fara da kwamfuta. Haka aka koya min. Ki duba wuta ta isa. Ki duba wayar earth, wadda ke mayar da wuta jikin jirgi, ko ta kama ƙarfe sosai. Ki duba ko su biyun da sauri ɗaya suke magana, don in ɗaya yana zuba kamar mai tallan magani, ɗayan yana sauraro a hankali, shirme kawai za ki gani a allo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne wayar aikawa da wayar karɓa. Ta aikawar wannan dole ta shiga ta karɓar wancan. Mai jirgi sai ya ga suna iri ɗaya ya haɗa su. Baba yakan ce, "Ya haɗa baki da baki, kunne da kunne, yana mamakin an ƙi jituwa."

Akwai wani Bature tsohon direban bas da ya kawo mana jirgi ja, mai ƙyalli kamar a lasa. Duk lokacin da ya danna maɓallin magana a rediyo sai allonsa ya ɗauke. Ya sayi sabon allo, bai daina ba. Ya sayi sabon rediyo, bai daina ba. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin allon, kaina inda ƙafa ke zama, na bi wayar earth har inda aka ɗaure ta. Bawan Allah saboda son jirginsa har cikin lungu ya shafa fenti, ya ɗaure wayar a kan fentin. Na kankare wuri kamar girman farce, na mayar da noti, shi ke nan. Da na fito zan ce masa kuskurensa ne, Baba ya riga ni, ya ce masa wayar ce ta gaji. Bayan ya tafi ya ce min, "Mutumin da ya yi shekaru yana haɗa abu, ɗansa ne. Ba a ce wa uba ɗansa mummuna ne. Gyara masa ake, a nuna masa wurin, shi zai gane."

Shekarar da ta fi mana wuya ita ce bayan kullen annoba. Kaya suka yi batan dabo. Ki yi odar na'ura, a ce wata mai zuwa, watan ya zo a ce an yi cancel. Jirage suka cika rumfa, kowanne da rami a gabansa inda allo zai zauna. Muka yi sanyin shekarar nan babu hita, ina aiki da safar hannu da na yanke wa yatsu, Asabar da Lahadi kuma ina komawa shagon waya. Masu jirage da suka gaji da jira suka shiga sayen na hannu a intanet. Wannan daga Amurka, wancan daga Jamus, kowanne da software ɗin zamaninsa. Kusan duk matsalar da ta shigo mana a shekarar, in an bi ta, can take ƙarewa. A sauke wannan, a ɗora wancan, a zauna lafiya. Har na yi suna a kai, ana kirana daga wasu filayen. Shekarar nan ta koya mana aiki, ta kuma ɓata mana ido. Muka saba da zargin kwamfuta kafin mu duba jirgi, ni da Baba duka.

Yanzu in gaya muku dokar faranti. A ƙofar rumfa akwai farantin silba. Kafin ki shiga cikin jirgi, duk abin da ke aljihunki a nan za ki zuba, waya, makulli, kwabbai, zobe, biro. Kayan aiki kuma ana duba su kafin a shiga, a duba bayan an fito. Noti ɗaya in ya ɓace ba mai tafiya gida sai an gan shi, don abin da ya faɗa cikin jirgi ba ya zama inda ya faɗa, yawo yake har ya sami abin da zai toshe. Maza, Baba da kansa yake shafa aljihunsu, ko mai jirgin ne. Ni kuwa bai taɓa matsowa kusa da ni ba. Daga nesa yake cewa, "Ma'u, kin sauke komai?" In ce, "Na sauke, Baba." In zan rarrafa cikin wutsiya, juya baya yake yi ya fuskanci bango har sai na ce na shiga.

Maganar fil ɗin mayafi ma bai iya yi min da bakinsa ba. Matarsa ya sa ta kira ni ta ce Baba yana tsoron fil, in ya faɗa bayan allo zai haɗa wuta. Sai na daina sa fil. A wurin aiki na koma ɗan hijabin nan na roba da ake zurawa ta kai, ba ya son komai. In zan fita unguwa kuma na sayi maganadisun nan da kowaccenku take da shi, guda biyu masu kama juna, ɗaya ciki ɗaya waje. Ban taɓa lissafa shi cikin kaya ba. A wurina tufafi ne, kamar maɓallin riga.

Dokta Mansur Bakatsine ne, likitan ƙoda, yana aiki a wani asibiti a Marylebone. Ya haɗa jirginsa da kansa, ya kuma yi shekaru yana tashi da shi da tsofaffin agogunan nan masu allura. Bana ya ce zai sa allo na zamani. Mun gama komai, kamfas na lantarki kaɗai muke jira. Shi kamfas ɗin ba a gaba yake zama ba. Can cikin wutsiya ake kafa shi, nesa da inji da duk wani ƙarfe mai ja, da sukurori na tagulla, don ko makulli aka gifta kusa da shi sai ya rasa arewa. Wutsiyar kuwa kamar mazurari take, tana tsukewa. A rumfarmu ni kaɗai nake shiga.

Wata Juma'a ce, ba ni da aiki, na je suna a Lewisham. Dokta ya kira ya ce kamfas ya iso, ga shi a hanya da shi, gobe zai yi tafiya, ko zan taimaka. Daga gidan suna na hau jirgin ƙasa. Na zura rigar aiki a kan kayana, hijabin roba kuwa yana gida. Na zuba waya da makulli da 'yan kunne a faranti. Baba ya ce, "Kin sauke komai?" Na ce na sauke. Ya juya baya, na shiga.

Aikin ya yi kyau. Wajen fitowa da baya-baya ne mayafin ya maƙale a wani ƙarfe, na ja, ya saki. Ina fitowa na ji wuyana a buɗe, ga Dokta tsaye, ga Baba. Na damƙe mayafin da hannu na yi banɗaki da sauri. A can na ga rabin maganadisun ya zame cikin rigata, ɗaya rabin babu. Na duba ƙasan banɗakin, na duba hanyar da na biyo. Na ce wa kaina ya gangara magudanar ruwa. Da noti ne da na ɗaga murya tun a wurin. Amma in tsaya gaban maza biyu sa'annin mahaifina in ce abin mayafina ya faɗi, a zo a taya ni nema, bakina bai iya ba. Kafin in isa gida ma na manta.

Da Dokta ya dawo muka zo saita kamfas. Ana tayar da inji, a juya jirgin a ƙasa ya fuskanci kowace kusurwa, na'urar tana koyon inda arewa take. Ta ƙi. A yi rabi sai ta ce an sami tangarɗa. A ranar kuma Tsohuwa ta riƙa yankewa, ashe bakin igiyarta ne ya saki, amma mu sai muka haɗa biyun muka ce ciwo ɗaya ne. Na canza igiya. Na duba baki da kunne. Na sauke sabon software na ɗora tsoho. Na rubuta wa kamfanin, suka ce in sake ɗora sabon. Mako ya bi mako muna wannan. Daga ƙarshe Baba ya ce wataƙila wutar inji ce ke damunsa, mu gwada ba inji. Muka tura jirgin da hannu muna juya shi, babu kowa a kujera. Nan take ya karɓa, lafiya lau. Muka yi murna, muka ce sauyin software da sabon saiti sun yi magani. Ba wanda ya lura cewa abin da ya canza shi ne babu ƙafar kowa a kan feda.

Fedar nan guda biyu, igiyoyin ƙarfe ne suka tashi daga gare su, suka bi ta cikin wutsiya har zuwa fiffiken baya mai juya hancin jirgi dama da hagu. A hanya kowace igiya tana ratsa wani ɗan zoben roba da ke riƙe ta kada ta gogi jiki. Igiyar dama tana wucewa kusa da inda na kafa kamfas.

Ranar da muka tashi gwaji gari garau, sai 'yar iska. Akwai ƙaramin kamfas irin na da, wanda ba ya buƙatar lantarki, a gaban Dokta, don haka ba ɓata muke tsoro ba. Ni aikina in riƙe Tsohuwa in ga abin da na'urorin ke faɗa wa juna. Muna cikin tafiya abin da na fara ba ku labari ya faru.

Na ce, "Dokta, sake taka dama kaɗan."

Ya taka. Lambar ta zabura.

Ya ce, "Injiniya, Tsohuwarku ta fara halinta ko?" Haka yake kirana in yana tsokana.

Na ce, "Don Allah kada ka ƙara takawa."

Ya juyo ya dube ni. Maganarmu ta cikin abin kunne take, muryarsa kamar a tsakiyar kaina. "Me kika gani?"

"Ba kwamfuta ba ce. Akwai maganadisu a wutsiya, ya kama igiyar dama, yana tafiya da ita. Nawa ne. Na mayafina ne. Tun ranar Juma'ar nan."

Ya mayar da idonsa gaba. Ƙarar inji kawai nake ji.

"Girmansa?"

"Kamar maɓallin babbar riga."

"Zoben yana nan gaba kaɗan da kamfas," in ji shi. "Ni na kafa shi da hannuna." Can ya ƙara da cewa, "Da muna tashi na ji fedar ta ɗan cije. Na ce ciyawa ce a taya."

Ba sai ya yi min bayani ba. In abin nan ya cusa kansa tsakanin igiya da zobe lokacin da fiffiken yake karkace, a karkace zai tsaya. A sama ana iya lallaɓawa. Wajen sauka ne ake neman feda, musamman in iska tana bugowa daga gefe, kuma ranar daga gefe take bugun babban titinmu.

Bai yi min faɗa ba, bai kuma ce ba komai ba. Ya ce, "Rufe kwamfutar, sa ta a jaka bayan kujera, ki ja zif. Ƙara ɗaure bel." Ya danna rediyo ya yi magana da mai kula da fili da Turanci, a natse kamar yana ba da sunan magani. Ya ce muna zargin wani abu a igiyar wutsiya, muna son gajeren titin nan da ke fuskantar iska, a kawar mana da kowa. Gajeren titin ba a cika amfani da shi ba, ƙarshensa shingen itatuwa ne. Na ji mai kula da fili ya ce wa wani ya kira Istifanus.

Dokta ya ce, "Ma'u, ina son idona a waje. Ke za ki riƙa karanto min gudunmu, da ƙarfi, kada ki tsaya ko na yi shiru. Kin ji?"

"Na ji, Dokta."

"Bismillah."

Ya ɗauko juyi mai faɗi, a hankali, ƙafafunsa a ƙasa ba su taɓa feda ba. Jirgin yana ɗan zamewa gefe, ina jin haka a kujera. Ina karanta lamba, in sa hasbunallahu a tsakani, in sake karanta lamba. Ban ɗaga kai ba. Koren ciyawa kawai nake gani yana cika gefen idona. Tayoyi suka taɓa, muka yi tsalle, suka sake taɓawa. Sai iska ta kaɗa, hancin jirgin ya nufi hagu, wajen shinge. A nan babu zaɓi. Ya taka dama da ƙarfinsa. Na ji wani ƙas daga bayanmu, ta cikin kujera na ji shi ba ta kunne ba. Hancin ya dawo. Muka yi ta gurgura a ciyawa har muka tsaya, ina ta karanta lamba har ta koma sifili, ban daina ba sai da ya kashe inji.

Ya gwada mayar da fedar. Ta ƙi dawowa daidai.

Kafin in ƙarasa, ga abin da ya canza, don shi ne amfanin rubutun. Mun kai wa sufeton da ke duba jiragen gida rahoto, da sunana a kai, ya ce za a sanar da sauran rumfuna ba tare da suna ba. Baba bai kore ni ba. Ya sayi ɗan kamfas na 'yan yawon daji ya rataye kusa da faranti. Yanzu duk mai shiga jirgi, mace ko namiji, har shi kansa, sai ya ɗauka ya zagaya da shi kansa da ƙirjinsa da aljihunsa. In allura ta motsa, akwai abin da bai sauke ba. Ba mai taɓa kowa, ba mai tambayar kowa abin kunya. Ranar farko ma maganadisun gidan tabaraun Baba allurar ta kama. In kun ji kuna son sana'ar nan ku zo, ana neman hannu, kuma mata sun fi shiga lungu. Amma ku sani rabin aikin ba a allo yake ba. Duk abin da ke jikinku kaya ne. Duk abin da ya ɓace a faɗa a take, kowane iri ne, a gaban ko waye. Ni har yau ban sake hawa sama ba. Baba ya ce ba sauri.

Ranar da muka sauka dai, Baba ne ya fara isowa, yana gudu da gwiwarsa mai ciwo, ya bar motar fili a baya. Dokta ya sauka ya zauna a ciyawa, ya gaya masa a taƙaice.  Aka turo jirgin bakin rumfa, Baba ya kwance murfin da ke bayan kujeru, ya haska tocila, ya zura hannu iya tsawonsa. Ya fito da hannun.

"Ba na kaiwa. Ina hango shi, ba na kaiwa." Ya dubi ƙasa. "Ma'u, in ba za ki iya ba, mu yanka jikin jirgin. Ba komai ba ne."

Jirgin da mutum ya yi shekaru yana bugawa. Na ce zan shiga. Na zuba komai a faranti. Hijabin roba ne a kaina, duk da haka sai da na shafa shi ciki da waje.

Na rarrafa. Ga kamfas ɗina a zaune tsaf da sukurorinsa na tagulla. Ga igiyar dama. Ga shi nan, ɗan abu ruwan zinariya, wanda na zaɓa don ya dace da leshin suna. Rabinsa ya shige bakin zoben, ya tauna robar, ya danne igiya. Na sa sukudirebar tagulla na ɓanɓaro shi, ya faɗo tafina, igiyar ta saki ta koma wurinta.

Daga nan na kasa motsi. Iska ta ɗan girgiza jirgin, jikina ya ce min har yanzu muna sama. Na runtse ido. Na ji bakina yana karanta lambobi. Ban san iya zaman da na yi a haka ba.

Sai na ji an ƙwanƙwasa ƙarfen daga waje, daidai kunnena. Baba ne. Wannan karon bai koma bango ba, ya zo ya tsaya a gefen wutsiya.

"Ma'u. Kin same shi?"

Na ƙara damƙe abin a tafina. Baba ya ci gaba.

"Ni na ji nauyin tambayarki, ke kin ji nauyin gaya min. Mu biyu muka sa shi a nan. Kin ji ko? Mu biyu."

Can nesa wayar Dokta ta fara kiran sallar la'asar a cikin faranti. Baba ya bari aka kai ƙarshen kabbarar farko, sannan ya sake ƙwanƙwasawa, a hankali.

"Saurara. Taya uku duk suna kan ƙasa, na sa musu katako da hannuna. Dokta ga shi can yana alwala. Kina ƙasa, 'yata. Kin tsira. Miƙo min shi tukuna, sannan ki fito."

Na miƙa hannu ta baya, na buɗe tafina.